Na Sa Sabuwar Salansa, Wane Jet Zan Sa wa Kafireto?

"Assalamu alaikum Oga. Ina da babur 150 ɗan Caina mai inji irin na CG, shekararsa biyu a hannuna. Makon jiya na cire salansar kamfani na ɗaura wata ta kasuwa, irin gajerun nan masu ƙara. Tun daga ranar, da na saki totur sai ya riƙa harbi tas-tas-tas, da safe kuma sai na daɗe a kan cok kafin ya yi silo, sannan ina jin injin ya fi da zafi. Na kwance kafireto na ga an rubuta 100 a jikin babban jet. Wani abokina ya ce in sa 120 a wuce wurin. A Bauchi nake, amma kusan duk wata nakan hau Jos. Lamba nawa zan saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na gane abin da kake so: in yanke maka lamba ɗaya, ka shiga kasuwa ka sayo, ka ɗaura, harbi ya tsaya. Da haka abin yake da na sallame ka a layi biyu. Sai dai duk makaniken da ya ba ka lamba alhali bai ji kukan babur ɗinka ba, bai kuma hau shi ba, canka ya yi, ko da ya dace. Abin da zan iya daga nan shi ne in nuna maka yadda nake gano lambar in an kawo min irin wannan aiki gareji. Amma akwai abu biyu da zan faɗa tun yanzu. Kada ka sa 120. Sannan cikin alamu ukun da ka lissafa, biyu babu ruwansu da babban jet. Harbin sakin totur da daɗewa a kan cok duk suna faruwa ne a lokacin da babban jet yake zaune ba ya aikin komai.

Me salansar ta canza?

Inji ba fetur zalla yake ƙonawa ba, gaurayen iska da fetur ne. In ana so man ya ƙone ƙurmus ba saura, sai an ba kashi ɗaya na fetur iska kashi 14.7 a ma'aunin nauyi. Amma inda inji ya fi ba da ƙarfi yana tsakanin 12.5 da 13, wato da 'yar rarar mai. Wannan rara ba asara ba ce ga inji irin naka da ba shi da lagireto, iska kaɗai ke sanyaya shi, don ita ke ɗebe zafi daga kan fistan da bawul. In mai ya yi ƙaranci nakan ce inji na jin ƙishi, in ya yi yawa in ce ya ƙware. Zan riƙa amfani da waɗannan kalmomi biyu don mu fahimci juna.

Kafireto ba shi da famfo. Iskar da ke wucewa ta maƙogwaronsa ce ke zuƙo mai daga kofi, wato ɗan mazubin mai da ke ƙasan kafireto, ta cikin jet, ɗan sukurun nan mai rami da ke auna yawan man da zai wuce. Saboda haka in salansa ta buɗe, iska ta ƙaru, ita kanta ƙarin iskar tana zuƙo ƙarin mai. Shi ya sa canza salansa kaɗai, in akwatin iska da sosonsa na nan yadda kamfani ya sa su, ba ya rikita lissafi sosai kamar yadda ake zuzutawa. Abin da ke rikita shi da gaske shi ne cire akwatin iska, ko yanke shi, ko ɗaura ɗan buɗaɗɗen soson nan mai kama da mazurari a bakin kafireto. Akwatin yana ɗan riƙe iska, riƙon nan kuwa yana ƙara ƙarfin zuƙar da ke kan jet. Ka cire shi, zuƙa ta ragu, iska ta yi yawa, sai ƙishi ya kama inji daga silo har ƙarshen totur. Ba ka ce ka taɓa akwatin iska ba, don haka zan ɗauka yana nan. In ka cire shi, shawarata ka mayar. Ban da batun jet ma, ƙurar hunturu ba ta barin ringi ya yi tsawon rai a bayan irin wancan soso.

Za ka ji ana cewa wai inji na bukatar salansa ta danne hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Maganar ba haka take ba, amma akwai abin da masu faɗarta suka gani. Duk lokacin da bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, wani bugu yakan bi bututu da gudu, ya kai ƙarshe, ya dawo. Akwai ɗan taƙin lokaci da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. In bugun ya dawo a matsayin zuƙa a daidai lokacin, zai taimaka ya jawo sabon gauraye cikin silinda. In ya dawo a matsayin turi, sai ya mai da gaurayen baya ta cikin kafireto, ya ɗebi mai a hanyar fita, ya sake ɗiba a hanyar dawowa. Tsawon bututu da faɗinsa ne ke yanke wanne zai faru a wane juyin inji. Gajerar salansa mai faɗin baki takan jawo wannan turi a ƙasa da tsakiyar gudu. Ka ga ke nan babur ɗaya zai iya jin ƙishi a sama, ya kuma ƙware a tsakiya. Wanda ya zuba masa ƙaton jet ya gyara gefe guda ya ɓata ɗayan.

In salansarka ta zo da ɗan bututun nan da ake cusawa a bakinta a ɗaure da noti ɗaya don rage ƙara, bar shi a ciki. Ƙarfin tashi yakan dawo, saiti ya yi sauƙi, maƙwabta kuma su daina tsine maka in ka fita da asuba. Ka yanke shawara a kansa kafin ka fara saiti, domin saitin da aka yi yana ciki ba zai zauna daidai ba in aka zare shi.

Wane sashe ke aiki a wane lokaci

Kafireton da ke kan irin injinka, wanda akan rubuta PZ26 ko PZ27 ko PZ30 a jikinsa, kwaikwayon kafireton kamfanin Keihin ne da ke kan Honda CG125, babur ɗin da aka fara fitarwa a 1975. Hanyoyin mai uku ne a cikinsa, kuma abin da ke raba musu aiki shi ne yawan buɗewar totur, ba gudun babur ba. Daga rufe zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas, jet ɗin silo da sukurunsa ke ciyar da inji, kuma suna ci gaba da taimakawa har zuwa kwata. Daga kwata zuwa kwata uku, allura ce ke mulki, wato siririn ƙarfen da totur ke ɗagawa daga cikin hanyar mai. Daga kwata uku zuwa ƙarshe ne babban jet yake karɓar ragama. Suna ɗan shiga gonar juna a kan iyaka, amma rabon ke nan.

Ga dabarar da nake koya wa yaran gareji: ka manna farin salatif a jikin hannun totur, ka ja layi a inda yake rufe da inda ya ƙure, ka raba tsakaninsu gida huɗu. Ka hau na kwana biyu kana satar kallonsa. Za ka sha mamakin yadda a cikin gari da wuya ka wuce rabi. Yawancin rayuwar babur ɗinka a hannun jet ɗin silo da allura take, amma kowa babban jet yake tambaya.

Kafin ka sayi komai

Na taɓa ɓata kwana biyu a kan wani babur da ke harbi bayan an canza masa salansa. Na juya sukuru, na canza jet ɗin silo, na ɗaga allura, harbi na nan. Rana ta uku da safe, injin na sanyi, na tayar da shi na kai tafin hannu kusa da inda bututu ya haɗu da kan silinda, sai na ji iska na busowa. Wanda ya ɗaura salansar tsohon gasket ya mayar, wanda ya riga ya lotse. Hayaƙi na fita ta wurin, kuma tsakanin bugu da bugu sabuwar iska na shiga, ta haɗu da ragowar mai a bututu mai zafi, ta fashe. Gasket na 'yan kuɗi ƙalilan ya kashe maganar. Tun daga ranar ba na taɓa kafireto sai na duba nan tukuna. Kai ma fara da shi: sabon gasket, ka ɗaure notin biyu a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan, ka sake bin su bayan injin ya yi zafi ya huce. Ka duba mahaɗar bututu da tukunyar salansa ma.

Daga nan sai robar da ke haɗa kafireto da inji. Zafi da shekaru suna tsattsaga ta, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Babur na silo, ka fesa ɗan maganin wanke kafireto a kewayenta, nesa da bututun hayaƙi. In kukan inji ya canza, tana zuƙar iska. Ka wanke soson iska. Ka saita bawul injin na sanyi. A CG125 ta Honda tazarar milimita 0.08 ce, kuma na Caina ba su yi nisa da haka ba, amma bi abin da littafin naka ya ce in kana da shi. Bawul da ya matse yana kawo wuyar tashi da safe da harbi, kamar dai ƙishi. Ka zare jet ɗin silo ka ɗaga shi sama ka leƙa: ramin ƙanƙane ne ƙwarai, dattin man bumburutu kaɗan ya ishe shi toshewa. A wanke da fetur da iska, kada a soka masa waya. Sai tsayin mai a kofi. Ka sa siririn tiyo mai gani-har-hanji a bakin magudanar kofin, ka lanƙwasa shi sama a jikin kafireto, ka kwance sukurun magudanar. Man zai tsaya a inda yake a ciki, kuma ya kamata ya kasance dab da layin da kofi ya haɗu da jikin kafireto, ƙasa kaɗan. In fulot, wato abin da ke yawo a kan man kofi yana tsayar da shigarsa, ya sauka da yawa, duk hanyoyin uku za su ji ƙishi, kuma babu jet ɗin da zai gyara.

Akwai wata tambaya da sai kai za ka amsa ta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, rabin masu zuwa gareji cewa suke a matse musu kafireto kada ya sha mai. Makanike ya saukar da allura, ya murɗe sukuru, wani ma ya lanƙwasa harshen fulot. In an taɓa yi wa naka haka, to da ma a bakin gaɓa yake, salansar ƙarasa shi kawai ta yi. Mayar da komai yadda kamfani ya saita shi ne matakin farko.

Silo da harbi

A irin kafiretonka, sukurun gauraye yana ƙasa ne, ta gefen da ke kallon inji. Ƙa'idar da za ta yi maka amfani a kowane babur ita ce: in sukurun na gefen inji, mai yake saki, kwance shi ƙarin mai ne. In yana gefen akwatin iska, iska yake saki, kwance shi rage mai ne. Mutane da yawa sun sha wahala saboda rashin sanin wannan bambanci. Kada kuma ka rikita shi da babban sukurun da ke gefe mai sifirin, wanda ke ɗaga silo ko saukar da shi kawai.

Ka hau babur minti goma ko sha biyar ya yi zafi sosai. Ka kashe, ka ɗaure sukurun a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, ka rubuta adadin, ka mayar da shi inda yake. Na ce a hankali, domin bakinsa siriri ne kamar ƙaya, in ka danne shi zai karye a ciki ko ya buɗa ramin. Tayar da inji, ka ɗan ɗaga silo, sannan ka riƙa kwance sukurun kwata-kwatan zagaye, kana jira daƙiƙa goma a kowane mataki kana saurare. Kukan zai hau, ya kai wani wuri ya tsaya, in ka ci gaba ya fara sauka yana gurnani. Ka dawo inda ya fi tashi da santsi, ka ƙara ɗan kwancewa kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka saukar da silo yadda ya saba. Bututu na kusa da hannunka a nan, ka nemi gajeren sukudireba da safar hannu.

Adadin da ka samu shi zai gaya maka ko jet ɗin silo ya isa. In wuri mafi kyau ya faɗo tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, jet ɗin lafiya lau. In sai da ka wuce uku, ya yi ƙanƙanta, ka hau mataki ɗaya: a lambobin Keihin daga 35 sai 38, daga 38 sai 40, sai 42. Bayan zagaye uku sukurun ba ya ƙara komai, kuma sifirin ɗinsa ya saki, yana iya zubewa a hanya. In kuwa ka ɗaure shi kusan ƙarshe inji bai mutu ba, jet ɗin ya yi girma.

Ka gwada da murɗa totur sau ɗaya ka saki. In kukan ya maƙale a sama yana saukowa a hankali, ƙishi ne. In ya faɗo ƙasa da silo kamar zai mutu sannan ya farfaɗo, mai ya yi yawa. Ina kyautata zaton daɗewarka a kan cok za ta ƙare a nan.

Harbin kuwa zai ragu, amma kada ka sa rai ya ɓace ɗungum. In ka rufe totur kana gudu, gaurayen da ke shiga ya yi tsinkakke har wani lokaci ba ya kamawa a silinda, sai ya fita ya kama a bututu. Da salansar kamfani ma hakan na faruwa, ɗakunan da ke cikinta ne ke haɗiye ƙarar. Wasu babura kuma suna da wani ɗan bututu da ke kai sabuwar iska bakin hayaƙi don ƙone ragowar mai, kuma irinsu sun fi harbi da buɗaɗɗiyar salansa. Ɗan tas-tas jefi-jefi ba ya cutar da inji. Na ga waɗanda suka bi shi da mai har fulogi ya yi baƙi ƙirin don kawai su kashe shi, garin neman gira suka rasa ido.

Allura

In silo ya zauna, sai ka hau ka riƙe totur a kwata, sannan a rabi, a giya ta uku ko ta huɗu, a miƙaƙƙiyar hanya. Babur mai ƙishi a nan yakan riƙa ja yana saki kamar ana riƙe shi ta baya, in ka buɗe totur ya yi wani dogon "bwooo" kafin ya ɗauka, wani lokaci ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani in kana hawan tudu. Wannan ta ƙarshe ita ce mai haɗari, kada ka ci gaba da murɗawa in ka ji ta. Wanda ya ƙware kuwa yakan yi in'ina, "bur-bur-bur", da warin ɗanyen mai. Wata alama mai sauƙi: mai ƙishi ya fi damuwa da sanyin safiya ya ɗan gyaru in ya yi zafi, wanda ya ƙware yakan tashi ba cok ya lalace da rana. Cok ɗin irin kafiretonka faifai ne da ke tare iska, don haka kana iya ɗan ja shi kaɗan kana tafiya. In babur ya ƙara lafiya, mai yake nema.

Allurar tana da tsagi a samanta, galibi biyar, da ɗan kilif a ɗaya daga ciki, yawanci na tsakiya. Saukar da kilif zuwa tsagin ƙasa yana ɗaga allura, mai ya ƙaru. Hawar da shi sama yana rage mai. Tsagi ɗaya za ka matsa, ka hau ka ji. Ka cire kilif ɗin a cikin leda ko kwano, don in ya yi tsalle a ƙasar gareji ba za ka sake ganinsa ba. In allurarka ba ta da tsagi, siririn washa mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashin kanta yana yin aikin. A ganina mai salansa kaɗai sau da yawa ba ya ma bukatar taɓa allura, kuma saboda turin nan da na yi bayani, na sha ɗaga ta in dawo in mayar.

Babban jet da lissafinsa

Yanzu ga dalilin da na hana ka 120. A tsarin Keihin da masu kwaikwayonsa, lambar tana nufin faɗin rami ne: 100 kusan milimita 1.00, 120 kuma 1.20. Amma mai ba faɗin yake bi ba, girman filin ramin yake bi, shi kuwa faɗi sau faɗi ne. Daga 100 zuwa 102 ƙarin kashi 4 cikin ɗari ne. Zuwa 105 kashi 10. Zuwa 110 kashi 21. Zuwa 120 kashi 44. A ce yanzu a ƙarshen totur kana kan iska 14 ga mai ɗaya. Jet 105 zai kai ka wajen 12.7, daidai inda ake so. 120 kuwa, a takarda, zai jefa ka ƙasa da 10. Babur zai shaƙe a sama, fulogi ya yi baƙi, ɗanyen fetur ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai. Babu salansar da za ta sa injin 150 ya ƙara shaƙar iska kusan rabi.

Ka sayi 102 da 105, in da hali da 108. Ka tafi da tsohon jet ɗinka a aljihu don a gwada haƙori da tsayi, kada ka yarda da lamba kawai. Jet ɗin kamfanin Mikuni wanda kansa ke da kusurwa shida lambarsa tana nuna yawan man da ke wucewa ne a minti ɗaya, ba faɗin rami ba, don haka 100 ɗinsa da 100 ɗin Keihin ba ɗaya ba ne. Sannan kasuwa cike take da na jabu. Na taɓa sayen guda uku masu lamba daban-daban, na jera su a hasken rana, ramin biyu iri ɗaya ne sak. In za ka iya, sayi dukansu daga kwali ɗaya, ko ba komai matakansu za su bi juna. Wanda kuma ya ce zai buɗa maka tsohon da allurar ɗinki ko wayar birki, karɓe kayanka. Ramin da aka buɗa ba ya komawa, kuma lambar da ke jikinsa ta zama ƙarya ga duk wanda zai zo bayanka.

Ana farawa ne daga babba a sauko, domin rarar mai fulogi kawai za ta ɓata, ƙarancinsa kuwa a ƙarshen totur fistan yake hudawa. Sa 105. Nemi hanya marar cunkoso mai ɗan hawa, da rana, da hular kwano. A giyar ƙarshe ka ƙure totur ka bar shi ya ja. In ya yi in'ina a sama ya ƙi ƙarasa juyi, ya yi yawa, sauko 102. In ya ja tsaf, sai ka yi gwaji na biyu: kana ƙure, ka ɗan sassauta totur kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas. In babur ya ƙara zabura a lokacin da ka sassauta, jet ya yi ƙanƙanta, hau 108. In ya ɗan yi tuntuɓe kafin ya daidaita, ya yi girma. In gudun ya ragu kawai ba wani abu, kana kusa. Ka zaɓi alama biyu a bakin hanya, ka shiga ta farko da gudu iri ɗaya kowane karo, ka duba abin da mita ta nuna a ta biyu. Kunne yana ruɗi, musamman da salansa mai ƙara, wadda ke sa mutum ya ji kamar yana tashi sama alhali gudun bai canza ba.

Duba fulogi yana taimakawa in an yi shi daidai. Fulogin da ka yi yawo da shi cikin gari ka dawo gida ka bari ya yi silo, labarin silo kawai zai ba ka. Sa sabo mai lambar da ta dace, a irin injinka galibi NGK D8EA, ka ƙure totur kamar rabin minti, sannan ka kashe inji ka kama kuloci a lokaci guda, ka gangara ka tsaya. Wannan na bukatar maɓallin kashe inji a jikin hannun babur. In babu, mai wayarin zai sa maka, kada ka miƙa hannu wajen makulli kana cikin gudu. Ka leƙa can gindin farin tangaran da tocila. Launin ƙasa-ƙasa mai haske shi ake so. Baƙi mai gari, mai ya yi yawa. Fari fat, musamman da ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar barkono, ka tsaya nan, alminiyon fistan ne ya fara narkewa. Fetur na yanzu marar dalma ba ya saurin rina fulogi kamar na da, saboda haka sabon fulogi mai haske a sama ba lallai ƙishi ba ne. Haka ma bututun da ya yi shuɗi: na kasuwa fallen ƙarfe ɗaya ne, zai canza launi ko saiti ya yi daidai.

Cikin waɗanda suka zo hannuna da salansa kaɗai, akwatin iska bai taɓu ba, yawanci a mataki ɗaya ko biyu sama da na kamfani muke tsayawa, wasu ma a kan na kamfanin. Amma ni da kunne da fulogi da hanya nake aiki. Masu na'urar da ke auna iskar hayaƙi suna ganin lambar gaurayen ƙiri-ƙiri, kuma aikinsu ya fi nawa daidaito. Abu ɗaya kawai za ka canza a kowane gwaji, ka rubuta a takarda. In ka canza jet da allura da sukuru a tashi ɗaya, ko ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara ba.

Bauchi da Jos

Bauchi tana kimanin mita 600 sama da teku, Jos kimanin 1,200. A wannan tazara iska takan yi sauƙi da wajen kashi 7 cikin ɗari. Amma gaurayen ba ya canzawa da duka wannan, kusan rabinsa ne, domin iskar da ta yi sauƙi zuƙarta ma ta ragu. Wato hawa Jos kamar ƙarin mai ne na kashi 3 ko 4, mataki ɗaya na jet. Sanyin Jos kuma yana mai da wani ɓangare, tun da iska mai sanyi ta fi nauyi. Don haka ka yi saitinka a Bauchi ka manta da Jos. Can zai ɗan yi nauyin jiki, ba abin da zai same shi. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mutumin Jos da ya matse babur ɗinsa a can, sannan ya gangaro ƙasa ya ƙure totur.

Yanayi ma haka yake. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 14 da ranar bazara mai 40, nauyin iska yana bambanta da kusan kashi 9, wato mataki ɗaya ke nan a gauraye. In ka yi saiti a tsakiyar zafin Afrilu ka tsaya a kan iyaka, Disamba zai same ka da ƙishi. In gwaji ya bar ka kana waswasi tsakanin 102 da 105, ɗauki 105, in hunturu ya shigo ka sake bin sukurun silo.

Duk wannan magana ta inji mai bugu huɗu ce irin naka. Masu tsohuwar Vespa ko AX100 da ke karantawa, naku bugu biyu ne, salansa a wurinku rabin inji ce, kuma ƙishi a ƙarshen totur yana iya kama fistan cikin 'yan mintuna. Ku fara da jet mai girma sosai ku sauko, ku kuma tuna cewa ƙara baƙin mai a cikin fetur yana rage yawan fetur ɗin da ke bi ta jet.

Batun shan mai, ka cika tanki, ka rubuta lambar mita, ka sake cikawa bayan kilomita ɗari ko fiye, kafin saiti da bayansa. In an yi daidai ƙarin ba shi da yawa, kuma mafi yawansa daga wuyan hannunka zai fito, don mai sabuwar salansa ba ya iya barin totur ya huta. In ka gama da gasket da robar kafireto da bawul, ka aiko min da adadin zagayen da sukurun ya tsaya, da lambar da ke jikin jet ɗin silo, da tsagin da ka tarar da kilif a kai. Da waɗannan ukun zan iya gaya maka ko akwai bukatar ka kwance kofin kafireto a karo na biyu.